A Gaishe da Alhaji Mai Kat-kat

Daga Sodiko har New Bell a birnin Duwala akwai bayin Allah da ba a yaba musu yadda ya kamata, kuma a sahun gabansu akwai Alhaji mai kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu. Ba mutum ɗaya ba ne, suna da yawa, Allah Ya ƙara mana irinsu. Shi ne wanda ya sayi RAV4 ta gwanjo, wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai, aka tattaro ta a unguwar Heyvaert ta birnin Burasel, aka loda ta a jirgi a Antwerp, ta sauka a tashar Duwala. Ya karɓe ta da hannu biyu bisa sharaɗi guda: ita ta yi masa bauta, shi kuma ba zai taɓa takura mata da tambayar lafiyarta ba.

A aljihun gaban motar akwai ɗan littafin da kamfani ya haɗo ta da shi. Alhaji ya naɗe shi a leda tare da takardun kwastan, bai taɓa ɓata shi da yatsa ba. Mutanen Japan, da yake ba su da abin yi, sun zauna sun rubuta cewa motar da ke gajerun tafiye-tafiye, ko take daɗewa a tsaye inji na kunne, ko take bin laka da ƙura, tana cikin aikin wahala, don haka a juye mata baƙin mai wajen kowace kilomita 5,000, ko bayan 'yan watanni ko da ba ta cika su ba. Kai ka ce marubucin ya taɓa yini a cunkoson Ndokoti, ko ya bi layin hawa gadar Wouri da sassafe daga Bonaberi. A irin wannan tsayuwa agogon kilomita barci yake yi, inji kuwa yana ta dafa mansa. To amma me ɗan Japan ya sani da Alhaji bai sani ba? Shi nasa gwajin a yatsu yake. Ya zaro sandar awo, ya murza man tsakanin babban yatsa da manuni, ya ɗaga shi sama, ya yanke hukunci: "Da sauransa." In ya ragu a ƙara rabin lita a kai, sabo ya gaisa da tsoho. Haka man zai yi ta kauri har ya zama kwalta, ya toshe 'yan hanyoyin da yake bi zuwa saman inji. Matatar mai kuwa tun ta Beljiyam ce, kuma Alhaji ba ya raba tsofaffin abokai.

Kada wani ya ce ba ya kula da motar. Wa ya kai shi? Kullum yaro na wanke ta kafin a fito sallar asuba, a goge tayoyi su yi baƙi wuluk, a fesa turare, ledar kujeru tana nan ba a cire ba. Da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari tana nuna hoton inji, Alhaji bai tsaya jayayya da ita ba, ya sa aka liƙe ta da baƙin salatif. Tun ranar ba ta sake damun kowa ba.

Ga shi da sanin tattali. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a watan Mayun 2019 ƙasar ta koma shigo da tataccen mai, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Alhaji ya duba ya ga motar da ke shan wannan kuɗi ba ta da bakin neman wani abu kuma. Saboda haka lagireto ruwan rijiya yake sha, ba ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa ba. Ɗan abin da ke daidaita zafin inji kuwa tuni bakanike ya cire ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Alhaji ya ji daɗin wannan fatawa ƙwarai, domin ba ta ci masa ko sisi ba.

Inda jarumtarsa ta fi bayyana shi ne damina. Duwala na shan ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, a Yuli da Agusta sai a wuni a kwana ana tsugawa, lungunan New Bell da kwarin Bonaberi su zama rafi. Matsorata kan faka su jira. Alhaji kuwa ya ce ai don wannan rana aka yi kat-kat, ya danna cikin ruwa har ƙofa, bai damu da cewa bakin da inji ke shaƙar iska yana nan kusa da fitila ba, kuma fistin ba ya iya matse ruwa, sai dai sandarsa ta lanƙwashe. In Allah Ya fitar da shi, laka ta shige yagaggiyar robar da ke rufe gaɓar ƙafa, ta cinye giris, ta fara waƙarta a kowace kwana: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Alhaji, ba ka jin wata ƙara a ƙasa?" in ji Hajiya.

"Ke dai Hajiya akwai ki da sa ido," in ji shi, ya ƙara muryar rediyo.

Man birki shi ne abin da ya fi burge ni. Halinsa ne ya riƙa tsotsar laima daga iska, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu ko a busasshiyar ƙasa, balle garin da riga ke kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa kaɗan, abin da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ma'aunin kan sauko wajen 140. A cikin gari ba za a gane ba, tunda ba a gudu. Sai ranar da aka ɗebi Hajiya da yara biyar da buhunan tsaraba za a yi Sallah a Garwa, aka baro Ngaundere, aka kama dogon gangaren nan na hanyar Mbe, ƙafa na kan birki kwana bayan kwana. Nan man zai tafasa, tururi ya cika bututu, feda ta nutse har ƙasa ba ta riƙe komai ba. Wani uban zai ce ba zai kai iyalinsa wannan wuri da man da bai san shekarunsa ba. Alhaji ya fi ƙarfin irin wannan raunin zuciya. Tayoyinsa ma na zuwa ne da tarihi: a gefensu akwai hoton ƙanƙara, alamar an yi su ne don hunturun Turai, ga lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera su. Bai taɓa karantawa ba, don bai dace a tona wa dattijo shekarunsa ba.

Ranar binciken lafiyar mota, wanda ake ce wa bizit teknik, Alhaji kan nuna darajar zumunci. Ya aro tayoyi biyu wurin amininsa, ya aro abin kashe gobara wurin maƙwabci, a manna masa takarda a gilashi, kafin la'asar ya mayar wa kowa kayansa da godiya.

Masu hassada za su ce rowa ce. Su je Kam Yabasi su tambaya. Wa ke raya wannan kasuwa ta kayan gyara in ba Alhaji ba? Mai juye a kan lokaci galan ɗaya yake saya da 'yar matata ya tafi, ba wanda ya san sunansa. Alhaji kuwa in ya zo, inji sukutum yake nema, ko giya, ko kan silinda, 'yan kasuwa na miƙewa tsaye suna ba shi kujera. Abin da ya hana motar a shekara uku yakan biya shi ninki-ba-ninki a yini ɗaya, a raba tsakanin mai shago da bakanike da mai janwe da samarin da suka tura. 'Yan bensikin ma na sa masa albarka, su ke kai yara makaranta duk makon da kat-kat ke kwance, uku a bayan babur, cikin ruwan sama. Har masu fasaha ba a bar su a baya ba: dogon mutum-mutumin nan na shataletalen Deido, wanda Joseph-Francis Sumégné ya haɗa a 1996, da tarkacen ƙarafa aka yi shi, kuma muddin su Alhaji na raye, mai son yin na biyu ba zai rasa kayan aiki ba.

In ta fara hayaƙi shuɗi, lokacin rabuwa ya yi. A wanke inji da kananzir, a zuba mai mafi kauri don ya rufe bakin ƙara, a kira wani ɗan'uwa da ya zo daga Marwa neman motar iyali. Alhaji zai dafa bodi ya ce, "Ɗan'uwa, ni ba na ƙarya a ciniki. Tun da na sayi motar nan ban taɓa tuƙa ta zuwa gareji ba." Kuma gaskiya ya faɗa, domin duk zuwan da ta yi, da igiya aka ja ta.