Yadda Na Kai Gaisuwa Fadar Sarkin Bavariya Ba Tikiti

A cikin watan Agusta, sa'ad da na kai ziyara ga ɗan ƙanwata da ke neman ilmi a birnin Munik ta ƙasar Jamus, sai yaron ya ga ya wajaba a kansa, bisa haƙƙin baƙunci da na zumunta, ya kai ni in ga wata fada da ke bisa dutse a kudancin Bavariya, dab da iyakar Ostiriya, wadda Jamusawa ke kira Neuschwanstein, sunan da na kwana uku ina wahalar da harshena a kansa kafin na haƙura na riƙa ce mata fadar Ludwig kurum, da sunan sarkin da ya gina ta. Tun da dare ya buɗe kwamfuta ya ce, "Kawu, bari in kama mana tikiti ta intanet, don yanzu lokacin baƙi ne." Na ce ya rufe ta. Na kafa masa hujja da cewa na haura shekara sittin ina shiga gidajen manya, ban taɓa ganin ƙofar da kyakkyawar sallama da ladabi da babbar riga suka kasa buɗewa ba. Yaron, da yake an yi masa tarbiyya, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu."

Da asuba muka shiga jirgin ƙasa, tafiyar wajen sa'a biyu zuwa wani gari da ake kira Füssen, daga nan mota ta kai mu ƙauyen Hohenschwangau da ke gindin dutsen. Nan muka tarar da jama'a sun yi sahu a bakin wani ofis, sahun da ya zarce na masu neman kujerar Makka tsawo. Yaron ya sake cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, a nan ake sayar da tikitin, ba a can sama ba." Ni kuwa na yanke masa fatawa nan take cewa wannan mustahili ne a hankalce, domin babu mai hankalin da zai ajiye mabuɗi a gindin dutse alhali ƙofar tana bisa ƙololuwa. Akwai kekunan doki masu hawa da mutane, amma da na ji farashin, na juya shi zuwa naira a zuci, sai na tuna cewa tattaki sunna ce, kuma ni mutum ne da ya sha hawa Dala a zamanin ƙuruciya.

Ashe ƙiyasin Dala da duwatsun Alps ƙiyasi ne ɓatacce. An ce hawan bai wuce minti arba'in ba, amma wanda ya yi wannan lissafi bai sa riga mai aska takwas da ta sha bugu ba, bai kuma sa takalmin fata mai santsi a kan hanyar da dawaki suka bi suna barin shaida ba. Duk bayan taku hamsin sai in tsaya in dafa itace, in ce wa yaron na tsaya ne don tafakkuri cikin halittar Ubangiji, shi kuma, don ya rufa mini asiri, sai ya riƙa ba ni tarihin wurin har numfashina ya dawo. Ta haka na ji cewa Sarki Ludwig na Biyu ya aza harsashin ginin a 1869, ya ci bashi mai nauyi a kansa da sauran gine-ginensa, har a 1886 hukuma ta yanke cewa ya taɓu, aka tuɓe shi, aka ɗauke shi daga cikin wannan fada, washegari aka tsinci gawarsa a tafkin Starnberg. Duk kwanakin da ya yi a cikinta ba su cika wata shida ba, mafi yawan ɗakunan ba a gama su ba, har zauren da aka ƙawata domin gadon sarauta ba a taɓa kafa gadon a cikinsa ba. Ya gina ta ne don ya kaɗaita daga mutane. Mako bakwai da rasuwarsa aka buɗe ta ga duk mai kuɗin shiga, yau kuwa masu zuwa sun haura miliyan ɗaya a shekara.

Da muka isa, na gyara hula, na saɓa riga, na shirya jawabin da zan yi wa sarkin ƙofa, wanda na tsara shi tun a jirgi, da muƙaddima da yabon ƙasar Jamus da ambaton nisan da na taso. Sai na tarar babu dogari, babu wanda za a yi wa magiya, illa wani allon lantarki da ke nuna lamba, da wani ƙarfe mai juyawa wanda ba ya sakin mutum sai ya nuna masa takarda, kuma a daidai mintin da aka rubuta masa. Na sami wata ma'aikaciya na zuba mata Turancin da na koya a makarantar midil. Ta saurare ni har ƙarshe cikin mutunci, sa'an nan ta nuna mini gindin dutsen da yatsa. Yaron ya duba wayarsa ya ce tikitocin yau sun ƙare.

A nan ne Shaiɗan, la'ananne, ya zo mini a siffar malamin fiƙihu, ya raɗa mini cewa matafiyi yana da rangwame a shari'a, kuma larura tana sassauta hukunci. Wani ayarin baƙi daga gabashin Asiya na shiga a bayan jagorarsu mai riƙe da ƙaramar tuta, sai na lallaɓa na bi wutsiyar ayarin, ina zaton zan saje, ni da na fi kowannensu tsawo da kamu guda, cikin farar riga mai cin yadi goma. Mutumin gabana ya wuce, ƙarfen ya juya rabi ya tsaya, ya kama hannun rigata ya naɗe. Na ja, ya riƙe. Na koma baya, ya riƙe. Masu jira a bayana suka ɗaga wayoyinsu, waɗanda aka zo da su domin fada, suka juyo da su kaina. Sai da ma'aikaciyar nan da yaron suka haɗu suka warware ni, ina ta istigfari a bayyane, ita kuwa ba ta ce uffan ba, wanda ya fi mini zagi ciwo.

Don ya lallashe ni, yaron ya ce akwai wata gada a bayan fadar, mai sunan Marie mahaifiyar sarkin, inda ake ganin ginin gaba ɗaya kyauta. Kalmar kyauta ta dawo mini da ƙarfina. Gada ce siririya ta ƙarfe da katako, rataye bisa kwazazzabo mai zurfin wajen mita 90, katakon yana motsi a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, na buɗe ido ɗaya, na ga fadar fara fat da hasumiyoyinta, tabbas abin a yi tasbihi. Na saki hannu ɗaya don in nuna wa yaron wata taga, iska ta taso daga ƙasa ta ɗauke mini hula zanna sabuwa, muka bi ta da kallo tana juyi a sarari har ta sauka can cikin itatuwan da ke gindin katangar fadar.

Yaron ya daɗe yana leƙawa, sa'an nan ya ce, "Kawu, ita dai ta kusa shiga." Muka sauko, kaina a buɗe, ya biya mana keken doki daga aljihunsa, ban kuwa tambaye shi farashi ba.