Daga Tawa zuwa Sakkwato ta sama: lissafin mutumin Ƙonni

Tsakanin filin jirgin saman Tawa da filin Sultan Abubakar III na Sakkwato akwai kilomita kusan 220, idan aka miƙe zare a kan taswira. Ɗaya na arewa, ɗaya na kudu, kuma zaren yana ratsa sararin Birnin Ƙonni. Jirgi mai farfela irin Fokker 50, mai gudun kilomita wajen 500 a awa, zai cinye tazarar cikin minti 26. A ƙara masa tashi da sauka, a ce minti 45. Mai shayi bai kai ga zuba na uku ba an iso.

To, ga Alhaji a Ƙonni yana son zuwa Sakkwato ta sama. Da farko zai juya wa Sakkwato baya. Zai shiga mota ya yi gabas zuwa mararrabar Tsarnawa, ya karya arewa, ya wuce Badagishiri a yankin Illela, har Tawa: kilomita wajen 130, awa biyu idan taya ba ta yi faci ba. A filin jirgi za a auna jakarsa, a duba takardunsa, ya zauna jira aƙalla awa guda. Bayan tashi da kamar minti 20 zai leƙa taga ya hango rufin kwanon gidansa, da akuyar da ya bari ɗaure a gindin dalbejiya. Yana sauka sai ya nemi tasi, domin filin Sakkwato a bayan gari yake. Jimilla awa huɗu da 'yan kai. 

Maƙwabcinsa da ya tafi tasha yana da kilomita 90 da ɗoriya a gabansa. Kabu-kabu ya kai shi iyaka, ya tsallaka Illela ta Najeriya, ya matsu a mota tsakanin buhunan albasar Galmi, ya bi ta Gwadabawa. Cikin awa biyu yana kasuwar Sakkwato yana ciniki.

Saura magana ɗaya da ta shafi lissafin: babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Tawa da Sakkwato. Wanda ya dage sai ta sama, sai ya nufi Yamai, kilomita sama da 400 daga Ƙonni, daga can ya nemi hanyar Abuja, sannan ya dawo arewa.

Abin da ke cinye wa mutanenmu lokaci yana ƙasa. Ramukan hanya ne, da igiyar da aka gitta a shinge, direba ya fito da takardu a hannu, fasinja na gumi, albasa na dahuwa a rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyakar nan har zuwa Maris na 2024, tafiyar awa biyu ta koma ta ɓarauniyar hanya. Mahukuntan ƙasashen biyu su cike ramukan, su rage shingayen. Kai kuma mai niyyar Sakkwato daga Ƙonni, riƙe katin shaidarka ka yi sammakon tasha.