Aure a Jirgin da Ba a Yaji

Tun daga shekarar 1986, a ƙarshen kowane watan Nuwamba, ɗaruruwan mutane sukan taru a tashar jiragen ruwa ta Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, domin su ƙetare Tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan a cikin ƙananan jirage masu tafiya da iska, wato waɗanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a jikin wani dogon sanda, iska ta cika su ta tura jirgin gaba. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 5,000, takan ci kusan mako uku, kuma a cikin matafiyan akwai ma'auratan da kan zaɓi su yi ta su biyu rak, bisa zaton cewa teku ce babbar abokiyar gabarsu. Da wuya wannan zato ya kai mako guda.

Da yake babu inda za a ya da zango a tsakiyar teku, dole a raba dare da rana kashi-kashi, awa uku ko huɗu, ɗaya yana gadi ɗaya yana barci, ta yadda mutanen da suka bar gida domin su samu lokacin zama tare ba sa haɗuwa sai a bakin matakala, inda ɗaya ke tashin ɗaya. Mai gadin dare yana da baƙo na musamman, shi ne kifi mai tashi, wanda ke tsalle daga ruwa ya yi shawagi da fikafikansa har ya faɗo cikin jirgi, wani lokaci a kan kuncin mai gadin. Ihun da ke biyo baya yakan fito da uwargida a guje da zaton jirgi ya fashe, sai ta tarar da maigida ya ja daga da kifin da bai wuce tafin hannu ba, kuma masu bin tarihin aure sun san cewa irin wannan labari ba ya mutuwa.

Girki ma da nasa hukunci. Iskar da ke kai jiragen yamma daga baya take busowa, don haka jirgi yakan yi ta tangaɗi dama da hagu dare da rana, shi ya sa ake rataye murhu a kan maƙalai masu lilo domin tukunya ta zauna daidai. Maƙeran sun tanadar wa tukunya mafita, amma sun manta da mai girki. Ayabar da aka saya ɗanya a Las Palmas kuwa, da an shiga zafi sai ta nuna gaba ɗaya kamar an yi mata shela, a ci ta da safe, a ci ta da rana, a kwana ana muhawarar wanda ya ce a sayi nonon ayaba guda. Ruwan sha a tanki yake, ana auna shi, saboda haka wanka ya zama abin shawara. Banɗaki da famfon hannu yake aiki ta siririyar mesa, idan kuma ya toshe, binciken mai laifi ba ya ɗaukar lokaci, tun da waɗanda ake tuhuma biyu ne kuma ɗaya daga cikinsu ne alƙali.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, sai dai sun faɗi haka ne a kan tudu, inda matar da ranta ya ɓaci za ta iya yin yaji, namiji kuma ya fice majalisa. A jirgi mai tsawon mita 12, iyakar yaji ita ce goshin jirgi, inda igiyar ruwa ke jiƙa mai fushi sharkaf, ya dawo da ƙafarsa ba tare da biko ba.

Duk da haka, bai kamata a raina masu wannan zama ba. A shekarar 1973 wani ƙaton kifin whale ya fasa jirgin Maurice da Maralyn Bailey, ma'aurata 'yan Ingila, a Tekun Fasifik, suka yi kwana 118 a kan ƙaramin kwalekwalen roba suna cin ɗanyen kifi da kunkurun teku, kafin masunta 'yan Koriya ta Kudu su tsamo su. Da suka murmure, sai suka sake samun wani jirgin, suka koma teku tare.