Ganye Ɗaya a Kan Ƙosai Uku

Ranar Asabar ɗin da ta gabata an tsare ni da yunwa tun daga sallar asuba har kusan azahar, a cikin garin Abuja, a gidan da akwai gero, akwai wake, akwai kuma ragowar tuwon dare da miyar kuka a tukunya. Laifina kawai ina da 'yar ƙanwa da ta yi karatu, ta samu aiki, ta kuma ƙudurta sai ta girmama kawunta. Ina idar da lazimi na nufi kicin neman ɗumame, sai ga ta ta tare ƙofa: "Haba Kawu, kada ka ɓata cikinka. Yau buranci zan kai ka, wato karin safe da abincin rana a haɗe." Na ce to, Allah ya yi albarka, ƙarfe nawa? Ta ce sha ɗaya. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta faɗa wa mutumin da ya tashi tun kiran assalatu cewa sha ɗaya.

Sha ɗaya ta zama sha biyu saura, saboda ɗaurin ɗankwali.

Wurin yana Wuse 2, kuma duk irinsu ɗaya ne. Bango ba filasta, sama ba silin, wayoyin lantarki a waje, ƙwayaye na reto a kunne da tsakar rana. A unguwarmu in ka ga gini a haka ka san kuɗi ne suka yanke wa mai shi, sai a riƙa taya shi da addu'a. A nan kuwa ƙwararre aka biya ya tsara rashin ƙarasawar. Na nemi takardar jerin abinci, aka nuna mini wani zanen ɗigo-ɗigo a jikin tebur, wai in haska shi da waya. Wayata ta dube shi ta kau da kai. 'Yar tawa ta zaɓar mini, ta ce suna da abincin gargajiya na musamman saboda irina.

A kan katako aka kawo shi. Katako dai, wanda kafinta ya goge. A kansa ƙosai uku a jere, kowanne ya ba ɗan'uwansa tazara, sai wani jan layi na miyar attaruhu da aka ja da bayan cokali, sai koko a cikin kwalba. A kan ƙosan tsakiya an ɗora ganye ɗaya, kore shar, bai kai farcen babban yatsa ba.

Na yi bisimilla na miƙa hannu. "Kawu! Tsaya tukuna, don Allah!" Aka janye katakon zuwa bakin taga, wai hasken nan ya fi. Aka dawo da shi. Aka juya kwalbar, aka ce in ɗauke hannuna, aka ce a'a in maido shi amma in riƙe cokali, aka ce hular tawa na yin inuwa. Da na waiga, ashe duk ɗakin aikin da ake yi ke nan. Wani bawan Allah da gemunsa ya hau kan kujera yana ɗauka daga sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Wani ya ajiye makullin motarsa a gefen kofi, ya gyara shi yadda tambarin zai fito, ya matso da hannun da ke ɗaure da agogo. Babu mai tauna a wurin sai wani jariri. Kafin a ba ni izini koko ya yi fata a sama, ƙosai kuwa kowa ya san rayuwarsa gajera ce: in ya bar mai ya huce, sai dai a ci shi don zumunci.

Amma ganyen nan shi ya hana ni sukuni. Na kira yaron da ya kawo abincin na ce, "Samari, wannan na ci ne ko na kallo?" Ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, ado ne, amma ana iya ci." Sai na fara bin tebura da ido. Yana kan soyayyen ƙwai. Yana kan fanke. Yana shawagi a kan zoɓo. Wani yaro an kawo masa ruwan sanyi, shi ma da ganyensa. Ke nan a can bayan ƙyauren kicin akwai mutum guda, baligi mai hankali, wanda aikinsa shi ne ɗora ganye. Da safe yana sallama da iyalinsa ya ce ya tafi wurin aiki. In aka je nema masa aure aka tambayi sana'arsa, waliyyinsa zai yi gyaran murya ya ce ai yaron a sashen ganye yake, kuma ana sa ran ƙarin girma.

Na kuma lura ba mai cin sa. Kowa da ya gama hoto sai ya ture shi gefe da bakin cokali, a kwashe katako a koma da shi ciki. To ina yake zuwa? Ni zargina, kuma Allah ya sa ban ɗauki alhakin kowa ba, ƙulli ɗaya aka saya tun ranar buɗe wurin, ana ɗauraye shi ana maido shi bakin aiki. In haka ne, ganyen da ya hau ƙosaina ya zauna da manyan mutanen da ni ko ƙofar ofishinsu ba zan iya zuwa ba. Ya ji sirrin kwangiloli. An yi baiko a gabansa, an kuma fasa a gabansa. Ya fito a Instagram fiye da duk wani jarumin Kannywood, ba a taɓa jin ya nemi kuɗin fitowa ba.

Da takardar kuɗi ta zo na leƙa, ban ga an rubuta ganye ba. Na ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da muke biya tun 2020, na ga ladan hidima, na ga ƙosai. Amma ni na san kuɗin ƙosai uku a bakin titi, na san na ludayin koko. In ka ɗebe su, duk abin da ya rage kuɗin ganye ne, kuma in aka ɗora shi a sikeli aka yi lissafi, masu sayar da gwal ya kamata su sake tunani. Don haka ina ba manoman Kadawa da Kura shawara su daina wahalar da kansu da tumatir da shinkafa. Kadada ɗaya ta ganyen nan ta isa a kai zuri'a gaba ɗaya Makka. Zogale kaɗai nake tausayi, da rama da yakuwa da tafasa, waɗanda suka riƙe talaka a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana zuba su cikin kwano fal, ba wanda ya taɓa hawa kujera dominsu.

Abin da 'yan burancinmu ba sa faɗa shi ne waɗanda aka ƙirƙiro abin dominsu. A 1895 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Guy Beringer ya yi rubutu yana roƙon a haɗe karin safe da abincin rana a ranar Lahadi, saboda mutanen da suka raba daren Asabar suna shaye-shaye su samu su yi barcinsu su tashi a makare. Mutumin yana da hujja. Wanda ya kwanta ƙarfe uku da ciwon kai, sha biyun rana ita ce safiyarsa. Mu fa? Mun yi sallar isha mun kwanta da hankalinmu, ladan ya tashe mu ƙarfe biyar, sannan mu zauna mu ƙura wa agogo ido awa shida, ciki na kiran ciroma, muna jiran lokacin da masu maye suka tsayar wa kansu. Azumi ne da ba niyya, ba lada, kuma ana buɗa baki da harajin gwamnati.

Sai kuma piya da aka dame aka shafa a kan gasasshen burodi, sarauniyar wannan harka. A 2017 wani attajirin Ostireliya, Tim Gurner, ya ce matasan ƙasarsa sun kasa mallakar gida ne saboda suna ƙarar da kuɗinsu a kan damammiyar piya da kofi, duniya ta yi masa ca. Ni ba zan shiga faɗan ba. Na dai san a Jos ana tara piya kashi-kashi a bakin hanya, mai ita na roƙon ka ƙara ko da ɗaya kafin ta lalace.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne nan. Matar da ke koko a bakin layinku tun jiya ta jiƙa gero da wake. Ƙarfe huɗu ta tashi ta surfe, ta kai niƙa, ta tace, ta hura wuta, hayaƙi na cin idonta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai nata ya tashi, man gyaɗa, icce, kuɗin inji, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ranar da ta rage girman ƙosai kaɗan, ku ne kuke aika yaro ya ce mata ba ta tsoron Allah. Ku ne masu neman gyara a kan na naira ɗari biyu. Amma a ɗora muku ƙosan da bai kama ƙafar nata ba a kan katako, mutum huɗu su ci abin da ya doshi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sai ku miƙa kati kuna murmushi, har da cewa yaro ya riƙe canji. Ita ba ta da ganye, shi ke nan laifinta.

Kada a ce ƙyashin 'yan zamani nake, ni ma na ɗan taka ƙasashe na ga karin kumallon mutane. A Ingila in ka ce a ba ka cikakken karin safensu, faranti zai zo maƙil, sai ka fara tambaya. Wannan fa? Naman alade. Wannan dogon? Shi ma. Wannan baƙin mai da'ira? Jininsa. Ana ɗebewa ana ɗebewa har a bar ka da ƙwai, rabin tumatir da wake mai zaƙi, kuɗin kuma ba a rage ko sisi. A Faransa da Italiya kofin da za a miƙo maka kurɓa biyu ne, kuma a wurare da yawa farashin na tsaye a gaban kanta daban, na wanda ya zauna a tebur daban. Wato zama ma sayar da shi ake yi. Ka gaya wa mai shayin Fagge haka, mutumin da ake shan kofi ɗaya a bencinsa a kwashe awa uku ana raba muƙaman gwamnati, ya ji ko ba zai riƙe baki ba.

Mutanen Sudan kuwa tun kaka da kakanni sai wajen goma zuwa sha ɗaya suke karyawa. A ajiye aiki, a zagaye kwano ɗaya na ful da man riɗi, a gutsura burodi, kowa ya sa hannu, wanda ke wucewa ma a kira shi. Alhazanmu sun san layin tamis mai zafi da ful bayan an fito daga Harami da asuba. A Nima ta birnin Accra, kokonmu ne da citta da kanumfari da barkono ke tashin gari, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba kowa da ledarsa. Duk wuraren nan ban ga wanda ya ce wa kawunsa ya tsaya tukuna ba.

Amma in kana son ganin gaskiyar ɗan buranci, bi shi otal a ƙasar waje, inda aka ce karin kumallo na cikin kuɗin ɗaki kuma ana rufewa ƙarfe goma. Mutumin da a gida yake cewa shi cikinsa ba ya karɓar abinci da sassafe, shi ne za ka tarar shida da rabi a bakin ƙofa yana jiran a buɗe. A Istanbul, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya a Laleli, ana jera zaitun, cuku kala-kala, zuma, kokwamba, tumatir da burodi iri-iri, sai ka ga Bahaushen da bai taɓa son zaitun ba ya tula shi a faranti, saboda ya riga ya biya. Ya ci zagaye na farko don yunwa, na biyu don azahar, na uku don kada Baturke ya ci riba da shi. Sannan a zo kan injin gasa burodi mai tafiya a hankali, wanda in ka sa yanka sau ɗaya ya fito fari fat yadda ya shiga, in ka maimaita ya fito gawayi, ga layin mutanen ƙasashe goma a bayanka kowa na kallon hayaƙin da ka tayar.

A nan ne babbar riga ke nuna amfaninta. Wani Alhaji da muka sauka otal ɗaya, dattijo mai shaguna a Kantin Kwari, shi ya koya mini tsarin: ayaba a aljihun dama, burodi a naɗe cikin tishu a na hagu, dafaffen ƙwai a aljihun gaba, sai a fito ana jan carbi ana gaisawa da ma'aikata. Ya ce da wannan yake wuni a kasuwa bai sayi ko ruwa ba. Ranar da za mu je sari da nisa ya ce yau guzurin sai an ninka, ya ɗebi ƙwai shida. Ashe daga kwandon da ke gaban mai suya ya kwaso su, waɗanda ake fasawa a soya wa mutum nan take. Ba mu sani ba sai da motar ta taka birki ya dafe ƙirji da kujerar gaba. Har muka dawo Kano yana cewa shi ba zai sake sauka a otal ɗin ba, tunda ba su da amanar da za su rubuta wanne ne ɗanye.