Toshin Sallah da Wandon Suruki

A Kano, saurayin da aka sa wa rana kafin azumi yana shiga wani hali da ba mai yi masa jaje. Hidimar magidanci ta hau kansa, amma har yanzu a soro ake shimfiɗa masa darduma. An karɓi kuɗin gaisuwa, an raba goro da alewa da biskit a dangi, unguwa kaf ta san shi, amma in ya zo zance sai ya nemi yaro ya yi masa sallama kamar ranar farko. A wannan hali azumin 2024 ya riski wani abokina ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, wanda 'yan majalisarmu suka laƙaba wa Ango tun ba a ɗaura ba. Amaryar tana Tarauni, bayan kasuwa. Ni ne ɗan rakiya, muƙamin da ba shi da albashi sai zoɓo.

Tsakanin unguwannin biyu ba wani nisa, ƙaramar hukuma ɗaya ce. Sai dai tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, soyayyar talaka ta koma cikin adaidaita sahu. A 2022 aka ce adaidaita kada ta wuce ƙarfe goma na dare, samari suka koyi taƙaita zance. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, Ango ya gano cewa tafiya a ƙafa tana da amfani ga lafiya, ya kuma gano cewa ni ma ina buƙatar lafiyar.

Jarrabawar farko ita ce kayan shan ruwa. Ango ya zauna ya rubuta abin da zai kai gidan surukai: sukari, madara, ganyen shayi, dabino. Yayarsa ta karɓi takardar, ta dube ta, ta dube shi.

"Wannan sadaka za ka kai masallaci ko gidan mutane? Ka rufa mana asiri."

Ta ƙara Milo, ta ƙara ƙwai da dankalin Turawa, ta ce a biya 'Yan Lemo a haɗo da kankana da abarba. A lokacin dala ta haura naira 1,500, kuma duk ɗan kasuwar da ka taya wa kaya a Singa sai ya ba ka labarin 'yan canjin Wapa, ko da kuwa ƙwai yake sayarwa. Ango ya tambayi wani ko kajin ma da dala suke cin dusa. Mutumin bai yi dariya ba, bai kuma rage ko sisi ba.

Mata ne suka kai kayan, domin ba a ganin saurayi ɗauke da kiret ɗin ƙwai a ƙofar surukai. Washegari aka aiko masa da kunun gyaɗa da ƙosai. Kafin ya idar da sallar magariba majalisa ta yi masa adalci, ta bar masa murfin kwano.

Da azumi ya kai goma, 'yan tashe suka fito. Garin da yake da Nalako, sarkin da aikinsa kamen gwagware, ba ya barin marar mata ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali. Yara suka kewaye Ango da gwangwanaye da gemun auduga. Ya daka musu tsawa, ya ce shi an sa masa rana. Wani ɗan ƙarami mai majina ya ce, "Yaya, an ɗaura?" Ango ya sa hannu a aljihu.

Babbar magana ita ce toshin Sallah. Muka shiga Kantin Kwari da rana tsaka, cikin zafin Maris da ƙishirwar azumi, masu dako suna ta ihun a ba su hanya. Aka saya wa Amarya atamfa da leshi da mayafi da takalmi da jaka, aka ware kuɗin ɗinki da na kitso da na lalle. Sai aka zo kan shaddar Ango. Mai shago ya warware masa wata ruwan sararin samaniya, ya murza ta ta yi ƙara, ya ce, "Alhaji, in ka ɗauki yadi goma zan yi maka ragi." Ango bai taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin ta shige shi. Nan take dabara ta faɗo masa: biyar nasa, biyar na mahaifin Amarya. Ga ragi, ga neman albarka. Ni kuwa na gyaɗa kai, don a lokacin babu abin da nake gani sai randar ruwan sanyi.

Amarya ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce tun da haka ne ya kai duka wurin telan gidansu, shi ne yake yi wa Abba ɗinki tun tana goye, yana da awonsa a littafi.

Telan dattijo ne mai fara'a, tabarau a kan hanci, tef a wuya. Shagonsa cike da ledoji tun daga ƙasa har rufi, kowace an rubuta suna a gefen yadin da alli. Ya auna Ango, ya ce ya dawo ranar ashirin ga azumi. Ranar ashirin ya ce ashirin da biyar. Ranar ashirin da biyar ya ce, "Ai an gama, wuya kawai ya rage, yana wurin mai aiki." Ni da idona na hango shaddar a ƙarƙashin benci, a naɗe yadda ta fito daga Kwari, wani yaron shago ya yi matashi da ita.

Daren Litinin, 8 ga Afrilu, azumi ashirin da tara, muna shagon ana sauraron rediyo. Duk garin fata ake a ga wata, ban da mutanen da ke cikin wannan ɗaki. Da sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi cewa ba a ga wata ba, za a cika talatin, Sallah sai Laraba, yaran shago suka yi kabbara. Telan ya cire tabarau ya shafa addu'a, ya juyo ya ce da Ango, "Ka ga ikon Allah ko? Kwantar da hankalinka."

Daren Sallah shagon ya zama sansani. An ɗauke wuta, janareta yana tari, kekuna suna gudu, dutsen guga na gawayi yana yawo hannu zuwa hannu. Masu jiran ɗinki sun cika benci har bakin kwata, wani ya kawo tabarmarsa. Gab da asuba aka miƙo wa Ango ledarsa da ɗumin guga. Ya rungume ta muka kama hanya, ba wanda ya yi zancen gwadawa.

Da safe riga ta zauna ɗas. Hula ta zauna. Wando ne ya ƙi. Tsawonsa ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, ƙugunsa kuwa zai ɗauki Ango da ɗan rakiyarsa. Ango dogo ne siriri. Ya ja zariya har ta kusa zagaye shi sau biyu, ya saki wandon ƙasa-ƙasa, ya ja riga, ya fito yana tafiya a hankali. A hanyar idi 'yan majalisa suka yi ta yi masa barka. Wani ya ce, "Ustaz, yaushe aka fara ɗage wando ba a gaya mana ba?" Aka kira wayar tela, a kashe. Telan Kano ranar Sallah barci yake, ko gobara ba ta tashinsa.

Da hantsi abincin Sallah ya iso daga Tarauni. Ƙannen Amarya ne suka kawo, cikin sababbin kuloli da aka rufe da tawul mai fure, suka tsaya ƙyam suna jiran tukwici. Ango ya sallame su, ya shiga gida gai da iyaye. Kuskuren da ya yi shi ne barin kulolin a ɗakin samari. Akwai funkaso, akwai miyar taushe da kabewa ta ji tantaƙwashi, akwai soyayyar kaza. Zan iya ba da shaida a kan kowanne. Da ya dawo, abin da ya tarar shi ne wainar da gwaggonsa ta aiko, ita ya ci.

Da yamma Amarya ta kira. Ya sa wayar a kunne yana murmushi, mu kuma muka yi tsit.

"Ya ka ji abincin?"

"Kai, ba a magana. Wainar nan, tun da nake ban taɓa cin irinta ba."

Shiru ya ratsa, irin wanda ake jin ƙarar fanka a ɗaya ɓangaren.

"Wace waina? Ni funkaso na yi. Tun asuba nake tsaye a kansa." Ta ɗan tsaya. "To, a gai da mai wainar."

Ta kashe. Sai da aka haɗa da yayarsa, aka sa gwaggo ta yi magana a waya da bakinta, ni kuma aka kafa ni shaida na bayyana ɗanɗanon funkason dalla-dalla, sannan aka samu sulhu. Ta ce ta yafe, amma ta riƙe sunana.

Washegari, ranar Hawan Daushe, muka yi sammakon zuwa gai da surukai kafin a rufe hanyoyin cikin gari. Na ba shi shawara ya sa wasu kayan. Ya ce ina, Amarya ta ce lallai ta gan shi cikin shaddar da ta dace da atamfarta. A karon farko aka wuce da mu soro, aka kai mu falon maigida. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, kai a ƙasa.

"Abba, barka da Sallah. An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya lau, samari. Allah ya maimaita mana. Ya mutanen gida?"

Wanda kansa ke ƙasa, ƙafafu yake gani. Abin da muka gani shi ne shadda ruwan sararin samaniya, an naɗe ƙafar wandon ninki uku, duk da haka tana jan ƙasa. Abba gajere ne mai jiki. Yadda ya zauna a bakin kujera, a miƙe, yana numfashi da lissafi, ya nuna cewa can sama ma akwai magana. Shi kuma daga inda yake, ƙwaurin surukinsa yake kallo, tsirara har kusan gwiwa.

Kowa ya gane. Ba wanda zai iya faɗa. Yaro ba ya buɗe baki ya ce wa surukinsa wandona ne a jikinka, dattijo kuma ba ya tambayar mai neman 'yarsa abin da ya sa a ƙugu. Sai aka shiga zancen zafi. Aka yi zancen tsadar mai. Abba ya ce an gode da ɗawainiya, shadda ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Ango ya ce, "Ai ba komai, Abba," muryarsa tana rawa. Daga bayan labule aka ji wata dariya ta kuɓuce, aka toshe ta da mayafi. Umma ta leƙo za ta amsa gaisuwa, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce bari ta duba tukunya. Ba ta dawo ba.

Da muka tashi tafiya, Ango ya fita da baya-baya, hannu ɗaya a ƙirji don ladabi, ɗaya a ƙugu don tsaro.

Rana ta uku, ana Hawan Nassarawa, aka ba shi izinin fita yawon Sallah da Amarya, bisa sharaɗin a tafi da ƙanwarta. Da muka iso, ƙanwar ta zama ƙanne, ƙannen sun gayyato 'ya'yan maƙwabta, kowa da sabon tabarau na roba. Sai da aka ɗauki adaidaita biyu. Aka nufi Gidan Zoo, inda rabin yaran Kano suke taruwa a irin wannan rana. Ango ya biya kuɗin shiga, ya biya lilo, ya biya hoto, ya sayi alawar madara da balan-balan da askirim. Shi da Amarya ba su yi magana ta minti biyar ba, kullum ana ƙirga yara. A nan ne a 2019 aka yi ta yamaɗiɗin cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai, labarin da ya zagaye duniya. Ango ya tsaya gaban kejin birai ya shafa aljihunsa, ya ce shi dai ya san masu haɗiye kuɗi a gidan nan, kuma da ƙafarsu suka shigo.

Maganar wando kuwa mata suka ɗauke ta, kamar yadda suke ɗauke duk abin da ya fi ƙarfin maza. Amarya ta gaya wa yayar Ango, yayar ta gaya wa Umma, Umma ta san yadda ta yi. Aka wanke na wurin Ango aka goge, aka sa a baƙar leda, aka ba wani yaro ya kai Tarauni, aka ce kada ya ce komai. Telan da ya farfaɗo ya rantse cewa laifin yaran shago ne, ya kuma tambaya ko an tsai da wanda zai ɗinka kayan angwanci.

Ana cikin haka, a watan Mayu gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, Ango ya ƙara layi ɗaya a takardar lissafinsa, ƙarƙashin lefe da sadaki da kuɗin haya. Babbar Sallah kuma tana tafe a watan Yuni, yayarsa har ta fara yi masa zancen abin da ake kaiwa.

Bayan kwanaki yaron ya dawo da wata baƙar ledar, da saƙo daga Umma cewa a yi haƙuri. Ango ya buɗe da murna, ya zura ƙafa. Ƙugu ya yi daidai. Tsawon ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Ashe tun kafin magana ta kai kunnen Abban Amarya ya gaji da naɗewa, ya kira mai keken ɗinki na yawo da ke wucewa ta ƙofar gida, ya sa an rage masa shi daidai ƙafarsa.