Ladubban Hawan Keke a Tuddan Kos na Ƙasar Faransa

Ka sani cewa a wannan zamani mutanen Turai da Amurka sun ƙago wani fanni na hawan keke wanda a cikinsa mahayi yakan ƙaurace wa kwalta da gangan, ya nemi tsakuwa da burji da burtalin dabbobi, har sun ƙera masa keke na musamman mai kaurin taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Duk wanda ya taɓa ganin mai tallan kananzir ya ɗaura jarka huɗu a bayan kekensa Raleigh ya nufi kasuwar ƙauye zai gane cewa fannin ba baƙo ba ne a gare mu, illa dai su sun sauke jarkokin sun riƙe gumin. To, daga cikin wuraren da ma'abota wannan sha'ani suke ƙauna akwai tuddan Kos a kudancin Faransa, wato Larzak da Mejan da 'yan'uwansu, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2011. Kuma saboda son da nake yi wa wannan ƙasa na ga ya wajaba in tsara wa mai niyyar zuwa ladubba shida, don kada ya tafi da zumuɗi ya komo da nadama.

Ladabi na farko shi ne ka fahimci halittar ƙasar kafin ka ɗora ƙafa a kan feda. Tuddan nan shimfiɗaɗɗu ne a sama kamar faifai, na farin dutsen nan ne da ake ƙonawa a yi siminti, ɗan'uwan na Kalambaina da na Malbaza, sa'an nan koguna irin su Tarn da Jont da Durbi suka yanka su, suka haƙa kwazazzabai masu zurfin mita 400 zuwa 500 a tsakaninsu. Ma'anar wannan ita ce, idan ka duba taswira ka ga ƙauyen da za ka kwana yana kusa da kai kamar hanci da baki, kada ka yi saurin yin hamdala, domin mai yiwuwa ne akwai gangara da hawa a tsakaninku waɗanda za su cinye maka walaha da azahar gaba ɗaya. Taswira takan faɗi nisa, amma gwiwa ce take ba da fatawa a kan tsawo.

Ladabi na biyu shi ne sha'anin ruwa, kuma a nan ne wayayyu suke faɗuwa. Ana ruwan sama a Kos, ba kaɗan ba, sai dai dutsen nan mai tsaga ne, ruwa yana cinsa sannu a hankali, saboda haka duk abin da ya zuba yakan sulale ta ƙarƙashi, ya bi koguna na ɓoye, ba ya sake bayyana sai can a gindin kwari. Ta haka ne aka sami kogon Aban Arman, wanda aka gano a 1897, mai ginshiƙan dutse fiye da 400 da ɗigon ruwa ya gina. A bisa tudu kuwa, abin da za ka tarar shi ne wasu 'yan tafkuna masu siffar akushi da makiyaya suka daɓe da duwatsu don tumaki, kuma in ka iso ɗaya da la'asar sakaliya, ka ga garke ya kewaye shi, kawuna a ƙasa, ƙararrawar wuyansu tana kaɗawa, kai kuma harshenka ya bushe kamar kilishi, to ka riƙe mutuncinka, wannan walima ba da kai aka shirya ta ba. Cika gorunanka uku tun daga kwari, ka ware na sha. In na alwala ya gagara har lokaci ya matsa, shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi, dutsen taimama kuwa ko'ina ka juya yana jiranka.

Ladabi na uku shi ne ladabin hawa. Idan ka taso daga ƙauyen La Malen a bakin Tarn, inda masu kwale-kwale suke ɗaukar baƙi, ka fuskanci hanyar da take naɗe jikin dutse lanƙwasa bayan lanƙwasa zuwa saman Mejan, to ka nemi giya mafi sauƙi tun da wuri, ina nufin giyar keke wadda babu saɓanin malamai a kan halaccinta, ka zauna daram a sirdi, ka tafi da tafiyar hawainiya. Za ka ga wani dattijo mai furfura ya wuce ka yana yi maka barka da rana ba tare da numfashinsa ya canza ba. Kada shaiɗan ya zuga ka ka bi shi, domin shi a wannan hawa ya girma, kai kuwa baƙo ne, kuma baƙo ko da ido gare shi makaho ne. In ƙafa ta ƙi, sauka ka tura, babu wanda aka taɓa kai wa gaban alƙali saboda ya tura kekensa.

Ladabi na huɗu shi ne ka yi wa dutse biyayya, domin tsakuwar Kos tana da kaifi irin na fasasshen tangaran. Nemi taya mai faɗin milimita 40 ko fiye, rage mata iska kaɗan don ta riƙa lallashin hanya maimakon yin dambe da ita, ka riƙe famfo da kayan faci kamar yadda ɗan koli yake riƙe jakarsa, ka ɗaure hular kwano, ka gwada birki kafin kowace gangara. Kuma ka yi guzurin burodi da cuku tun da hantsi, saboda kantunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, Mejan kuwa tana cikin yankunan Faransa mafiya ƙarancin mutane, kana iya yin sa'a guda ba ka ga wanda za ka yi wa sallama ba.

Ladabi na biyar shi ne girmama masu ƙasa, wato makiyaya da tumakinsu, waɗanda daga nononsu ake yin cukun Rokfor da ake ajiyewa ya nuna a cikin kogunan dutse. Idan babban farin karen garke ya taso maka da haushi, kada ka ce za ka tsere, sauka ka sa keken tsakaninka da shi, ka yi masa magana da tattausan lafazi, ka kewaye garken daga nesa, kuma kowace ƙofar shinge ka buɗe ka mayar ka rufe. Ka tuna cewa manoman Larzak sun yi shekara goma, daga 1971 zuwa 1981, suna jayayya da gwamnati a kan faɗaɗa sansanin soja cikin makiyayarsu, har a 1972 suka kwashi tumaki suka kai su kiwo gindin hasumiyar Ifel a birnin Faris, kuma daga ƙarshe su ne suka yi rinjaye. Mutanen da suka yi wannan, ba kai da kekenka za ka yi gardamar hanya da su ba.

Ladabi na shida, wanda shi ne ruhin sauran, shi ne ka ɗaga kai. A gaɓar Jont za ka ga ungulaye masu fukafukan da suka kai mita 2 da rabi suna shawagi a kanka. Kada ka ɗauka labarin gajiyarka ne ya kai musu, an dawo da su ne tun 1981 bayan sun ƙare a yankin. A ƙofofin gidaje za ka ga an kafe wata busasshiyar ƙaya mai siffar rana, wadda takan tsuke idan iska ta yi laima, sai mai gida ya dube ta ya san ko hadari na tafe. Daga wajen garin Miyo kuma za ka hango gadar da aka buɗe a 2004, mai tsawon mita 343 zuwa ƙololuwarta, wadda ba a yarda keke ya hau ba, kuma babu asara a cikin haka, domin mai mota yana ƙetare kwarin cikin 'yan mintoci bai san ƙamshinsa ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in Allah Ya nufe ka da zuwa, zaɓi watan Mayu ko Yuni ko Satumba, ka rage buri, ka ƙara gora, ka bar agogo a aljihu. Tafi sannu, ka sha daga maɓuɓɓugar kwari, ka yi tafakkuri a bisa tudu, ka gode wa Wanda Ya tsaga dutse da ɗigon ruwa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai da tayoyinka biyu cike da iska.