Gogan Argungu da Kurar Kwale-kwale

Kusan duk motar da aka yi wa rajista a jihar Minesota ta Amurka tana yawo da tallar tafkuna 10,000 a jikin lambarta. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ma cewa take an rage musu, don in aka ƙirga duk tafkin da ya kai eka 10, adadin 11,842 ne. Wanda ya zauna a irin wannan wuri, ko ba jima ko ba daɗe sai ruwa ya kira shi. Ɗan kawuna, abokin wasana, wanda karatu ya kai birnin Miniyapolis aiki ya riƙe shi, bai ɓata lokaci ba ya amsa. Hujjarsa ɗaya ce: shi ɗan Argungu ne. Abin da ba ya gaya wa Turawa shi ne, duk bikin kamun kifin da ya halarta a Matan Fada, daga cikin 'yan kallo ya halarce shi, da ƙullin gyaɗa a hannu.

Wani tsoho mai rage kayan garejinsa ne ya sayar masa da kayak, ɗan kwale-kwalen nan na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mafarautan Inuwit ne na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, masu haɗa ƙirarsa da itacen da teku ya tunkuɗo, su lulluɓe da fatar dabbar ruwa. Nasu mutum ɗaya ke saɓawa ya yi gaba. Na zamani kuwa, da narkakkiyar roba ake zuba yawancinsu, abin da aka fara tun shekarun 1970. Suna da ƙarko, amma na gogan, mai tsawon ƙafa 12, ya tasam ma kilo 30. Tsawon ma sai da ya ja masa kashe kuɗi, don a Minesota jirgin da ba shi da inji in ya wuce ƙafa 10 sai an yi masa rajista an liƙa masa sitika.

Daga wurin ajiye motoci zuwa bakin tafkin Bde Maka Ska akwai 'yar tafiya. Gogan ya yi gammo da tawul, ya ɗora jirgi a ka. Iska na tasowa jirgi ya juya, shi ma ya juya tare da shi, sai ga shi yana fuskantar motar da ya baro. Gindin jirgin ya kaɗe hular wani mai gudun motsa jiki.

"Ɗan gwaggo, ka bar dariya ka kama min mana!"

"Ai na ɗauka haka Sarkawa suke yi."

Daga ranar ya shiga neman 'yar kurar da ake ɗora kayak a ja. Nan ya tarar abin kasuwa ce guda. Akwai mai ƙirar gado, ta goran-ruwa, wadda ake naɗewa: a ɗora cikin jirgi a kai a ɗaure. Akwai mai ƙahonni biyu da ake zurawa a ramukan fitar ruwa na ƙasan jirgin, mai saurin haɗawa, sai dai masu gyaran kayak ba sa ƙaunarta, don wurin ramukan nan ne roba ta fi rauni, girgizar hanya kan tsaga shi. Tayoyi ma iri-iri ne. Na iska suna da laushin tafiya amma suna sacewa, na daskararriyar roba ba ruwansu da faci, masu faɗi da taushi kuma don rairayi aka yi su, kuma su suka fi tsada. Ya ga wata mai suna C-Tug, ƙirar Niyu Zilan, tana ɗaukar kilo 120, ana warware ta ba tare da sifana ba. Ya ga kuɗinta, ya lissafa shi da naira kamar yadda kowane ɗan Nijeriya a waje yake yi, ya rufe kwamfutar.

Ya ce shi zai ƙera tasa. Ba laifi ba ne, mutane da yawa suna yi da bututun famfo na roba da sandar ƙarfe da tayoyin injin yankan ciyawa, kuma tana aiki. Gogan dai da tayoyin keken jariri ya yi, wanda maƙwabta suka jefar. An yi su ne don ɗaukar yaron goye a kan siminti. A karo na farko da suka haɗu da gefen kwalta, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta kwanta a wurin.

Sai ya sayi mai ƙirar gado mafi araha a intanet, ta dala 'yan gomiya. A nan dole in yi wa kurar adalci: ba abin da ta yi. Shi ne ya sa ta can ƙarshen gindin jirgi, wanda ya bar masa kusan rabin nauyin a hannu, kuma ya ɗaure ta da igiyar roba mai ƙugiya. Roba kuwa miƙewa ce sana'arta. Suna isa tudun farko taya ta tokare, jirgi ya ci gaba, kura ta zame ta tsaya, gogan ya ja kilo 30 a kan tsakuwa taku goma kafin ƙarar ta sanar da shi.

Wata dattijuwa mai furfura da ke sauke nata jirgin ce ta ji tausayinsa. Ta matso da kurar kusan tsakiya, ɗan baya kaɗan da wurin da nauyi ya daidaita, ta zaro bel mai maƙulli daga motarta ta zagaya, ta ja sau ɗaya. Ta gargaɗe shi kada ya sayi bel mai ratsa irin na ɗaure kaya a babbar mota, don ƙarfinsa yana lotsa cikin jirgi. Da yatsa biyu ya ɗaga kan kayak ɗin. Ya dube ni kamar shi ya gano dabarar.

Sannan ta tambaye shi ina rigar kariyarsa.

Tana nan, ya ce, a cuse bayan kujera. Kuma bai karya doka ba. Dokar Amurka ta ce kowane mutum a jirgi, har kayak, sai da rigarsa a kusa da hannu, a Minesota kuma yaro ƙasa da shekara 10 ne dole ya sa tasa a jiki. Amma alƙaluman da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka take fitarwa duk shekara ba sa canja magana: a cikin waɗanda suka nitse a haɗurran jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin 100 ba su sanye da ita. Gogan ya yi makonni yana nazarin tayar da za ta kai jirgi bakin ruwa, rigar da za ta riƙe shi a cikin ruwan kuwa kyauta tsohon nan ya ɗora masa, ta wani ƙato ce. Dattijuwar ta tsaya sai da ya sa. Ta maƙala masa usur a kafaɗa, irin Fox 40 da wani alƙalin wasa ɗan Kanada, Ron Foxcroft, ya fitar a 1987. Ba shi da ƙwallon nan na ciki da ke maƙalewa in ya jiƙe.

Farkon watan Mayu ne, rana ta fito fes, mutane har da gajeren wando. Gogan ya shiga da wandon jins da rigar sanyi ta auduga. Abin da bai lissafa ba shi ne, a tafkunan birnin galibi sai a watan Afrilu ƙanƙara take narkewa, ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska take yi. Bai yi nisa ba ya zaro waya zai ɗauki hoton da za a gani a gida. Ya karkata don rana ta haska fuskarsa. Kayak ba ya son karkata.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya sha jefa kansa a ruwan ƙanƙara don bincike, ya taƙaita abin da ke biyo baya da 1-10-1. Minti ɗaya na farko numfashi yana ƙwacewa, mutum ya yi ta haki, kuma a nan ne wanda ba shi da riga yake shaƙar ruwa. Sai kamar minti 10 da hannuwa za su yi aiki kafin su sandare. Sai kamar awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da shi. Gogan ya cika mintin farko daidai yadda Farfesa ya tsara, da kalmar shahada a tsakanin haki. Rigar ta ɗago shi, amma da yake ta yi masa yawa sai ta haye har kunnuwa, ba a ganin komai sai hannu biyu da tsinin kai. Shi ya sa ake gwada ta tun a kanti: a ɗaure duk maɗaurai, wani ya ja ta sama ta kafaɗu, in ta wuce haɓa ba taka ba ce. Filafili ya kama gabansa. Kurar da ya naɗe ya ɗaure a baya ita kaɗai ba ta rabu da jirgin ba, albarkacin bel ɗin dattijuwa.

Ya laluba usur ya busa iya ƙarfinsa. Rabin tafki ya waiwayo. Wani saurayi ya tuƙo ya matso, ya dube shi, ya ce cikin ladabi ya gwada miƙe ƙafafunsa. Ruwan iya ƙirji ne.

Wayar ba ta sake magana ba, kuma kuɗinta ya fi na jirgi da kura da rajista a haɗe. Uwargida ce ta karɓi ragamar sayayya daga nan: riga daidai jikinsa, jakar da ruwa ba ya shiga, igiyar maƙale filafili, tocila mai farin haske da doka take nema in dare ya yi, da tufafin da ba auduga ba. Ta kuma yi masa rajistar koyon ninkaya, ajin manya, ranar Asabar da safe.

Yanzu burinsa Boundary Waters, dajin tafkunan da ke kan iyaka da Kanada, inda ake fita daga wannan ruwa a bi ta ƙasa a faɗa wancan. Ya ce ai kurarsa don wurin aka yi ta. Na bari sai da ya gama shan shayinsa kafin na gaya masa cewa dajin yana ƙarƙashin dokar kare daji ta 1964, kuma in ban da 'yan hanyoyi ƙalilan da aka keɓe, an hana taya a can, a kafaɗa ake ɗaukar jirgi. Ya yi shiru yana juya cokali.

"Ɗan gwaggo, wai kana da abin yi a watan Yuli?"